'Yartsana mai leƙen asiri, agogon yara, da wayar da wai tana saurarenmu: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda sallah ta gabato sai saƙon nan ya sake tashi a guruf-guruf ɗinmu na Agege da Mile 12 da Idi Araba, wai kar a saya wa yara kayan wasa masu magana, wai akwai masu saurare daga waje. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Wasu ji-ta-ji-ta ne zalla, wasu kuma gaskiya ne, sai dai yawanci ba inda ake nuna yatsa ba ne matsalar take.

Da gaske ne an taɓa kama 'yartsana tana sauraren mutane?

Eh, an taɓa, kuma ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Sunanta My Friend Cayla, ta kamfanin Genesis Toys. Akwai makirufo a cikinta, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, yarinya ta yi mata tambaya sai manhajar da ke wayar ta tura muryar intanet ta dawo da amsa. A 2016 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar Norwe ta gwada ta, sai aka ga duk wanda ke kusa, kamar tazarar mita 10, zai iya haɗa wayarsa da ita ba tare da wata lambar sirri ba, ya ji abin da ake faɗa a ɗakin har ma ya yi wa yaron magana ta bakinta. A watan Fabrairun 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta ta, ta ce iyayen da suka riga suka saya su lalata ta.

To ka duba irin gidajen hayar da muke ciki a nan, ɗaki na kallon ɗaki, mita 10 ai ta haɗa maƙwabta huɗu ko biyar har da mai shago a bakin ƙofa. Amma a lura, ba wata gwamnati ce ta ƙulla makirci ba, sakacin kamfani ne da ya ƙi kashe kuɗi ya sa makulli a kayansa.

Ta yaya zan gane ko wadda na sayo a Balogun ko Idumota tana cikin irin waɗannan?

Kafin abu ya yi leƙen asiri sai ya haɗa abu uku, kunne ko ido wato makirufo ko kyamara, wutar da zai ci, da hanyar da zai fitar da abin da ya ɗauka, ko sim ko Wi-Fi ko Bluetooth. In babu na ukun to magana ta ƙare, ko ya ji ba shi da inda zai kai. Ki duba kwalin, in an rubuta a sauke manhaja ko an sa hoton nan mai murabba'i da ake ɗauka da kyamara, ko akwai alamar Wi-Fi ko ramin sim, wannan mai haɗuwa da intanet ce, sai a bi ta a hankali. In kuwa batir biyu ne kawai a bayanta kuma waƙa ɗaya take ta maimaitawa har kanki ya yi ciwo, wallahi ba ta san ma kina duniya ba.

Mafi yawan abin da ake zubawa a tebur a Balogun da wanda masu talla ke yawo da shi a go-slow irin na biyun ne. Masu intanet ɗin suna da tsada, yawanci tsaraba ce daga Dubai ko Ingila ko oda ta Jumia.

Amma ai wannan 'yartsanar mai rawa tana maimaita duk abin da yaro ya faɗa, ba naɗa take yi ba kenan?

Naɗa take yi, amma na daƙiƙoƙi kaɗan, a wani ɗan guntun abu a cikinta, tana maimaitawa sai na gaba ya goge na baya. Ba ta da hanyar fita, duba amsar da ke sama. Illarta ɗaya ita ce ta maimaita zagin da aka yi a gaban baƙi.

An turo mana saƙon murya wai akwai mutum a cikin idon kyanwar nan ta wasan waya yana ɗaukar hoton yara.

Wannan tsohon zance ne, tun wajen 2014 ya zagaye Facebook a kan Talking Angela, budurwar Talking Tom da yaranmu ke so. Kamfanin Outfit7 ya ƙaryata, masana tsaron kwamfuta sun bincika ba su samu kowa ba, abin da ake gani a idon zanen titi ne kawai da aka yi don ya yi kama da haske a ido. Tun kafin nan ma an yi irin wannan da Furby, wani abin wasa mai gashi, mai kama da tsuntsu, da ya fito a 1998. Saboda yana fara magana da yarensa sannan a hankali ya koma Turanci sai aka ce yana koyo daga abin da yake ji, har hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta hana shiga da shi ofisoshinta a 1999. Alhali kalmomin tun daga masana'anta aka zuba masa, lokaci ne kawai ke buɗe su.

Ka ga kenan ba mu kaɗai ke ruɗewa ba. Ni dai in saƙo ya zo da alamar an tura shi sau da yawa, babu sunan abin, babu ƙasa, babu shekara, sai "ku yaɗa saboda Allah", ba na turawa gaba. Abin da ya fi dacewa a damu da shi a irin waɗannan wasannin shi ne tallan da ke faɗowa a tsakiya, yaro ya danna ya shigo da wata manhaja ko ya yi rajistar abin da zai riƙa cinye katin waya.

To in na sayi na babban kamfani mai suna, shikenan na huta?

Ina fa. A Nuwamban 2015 aka kutsa cikin rumbun kamfanin VTech, masu yin kwamfutocin koyon karatu na yara, aka kwashe bayanan yara sama da miliyan 6, sunaye da ranar haihuwa, har da hotuna da hirarsu da iyaye. Daga baya a 2018 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci su tarar dala 650,000, wanda in ka raba da yawan yaran ba komai ba ne. A 2017 kuma sai ga CloudPets, wasu 'yan tsana masu laushi da uba zai aiko da saƙon murya daga nesa yaro ya ji ta cikinsu, aka tarar sun bar rumbunsu a buɗe babu ko kalmar sirri, saƙonnin murya sama da miliyan 2 suna nan kowa zai iya kaiwa gare su.

Abin da nake so a gane, haɗarin ba a cikin ɗakinki yake ba, yana can inda ake tara muryar. Shi ya sa in manhajar kayan wasa ta ce a cika sunan yaro, ranar haihuwa, makaranta, hoto, ba dole ba ne a faɗi gaskiya. Ki sa masa laƙabi, ki canza ranar, abin zai yi aiki daidai. Sababbin da ke fitowa yanzu masu hira da yaro ta fasahar AI duk wannan hanyar suke bi, muryar sai ta fita intanet kafin amsa ta dawo.

Agogon yara mai sim fa? Ni don tsaro na saya, yarana daga Agege suke zuwa makaranta Ikeja.

Na fahimce ki Hajiya, wanda ya san cunkoson Legas da yadda yaro zai makale a hanya har magariba ba zai ga laifinki ba. Sai dai a cikin duk kayan yara wannan ne ya fi haɗa abubuwa ukun da na faɗa a tambaya ta biyu, makirufo, sim, ga kuma na'urar nuna wuri. Da yawa daga masu arahar suna da wani tsari da za ki tura saƙo agogon ya kira ki shiru ki ji abin da ke faruwa a kusa da yaron ba tare da kowa ya sani ba. Saboda wannan ne Jamus ta haramta irinsu a Nuwamban 2017, don an samu iyaye suna sauraren malamai a aji. Kuma wasu kalmar sirrin da suke zuwa da ita 123456 ce, in ba a canza ba to wanda ya samu lambar agogon zai iya ganin inda yaronki yake kamar yadda kike gani.

Ban ce a jefar ba. A canza kalmar sirri ranar da aka kunna, a saita shi ya karɓi kira daga lambobin da kika zaɓa kawai, kar lambar sim ɗin ta yi yawo a hannun direba da mai aiki da kawu, kuma in mai shago ne ya yi miki rajistar manhajar a wayarsa, ki sa a goge a sake a taki. Wannan na ƙarshen shi ne kuskuren da aka fi yi.

Wayata tana saurarena? Mun yi hirar shadda da abokina, da na buɗe Facebook sai ga tallan shadda.

Kowa yana da irin wannan labarin. A 2018 masu bincike a jami'ar Northeastern ta Amurka suka gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana kunna makirufo a ɓoye tana tura murya ba, amma sun kama wasu suna ɗaukar hoton fuskar waya suna aikawa. Kuma ka yi tunani, mu da muke lissafin data kamar kuɗin cefane, waya ta wuni tana tura murya ai kafin la'asar data da caji sun ƙare, da tuni an gane.

Gaskiyar ita ce ba sa bukatar kunnenka. Sun san kana Agege, sun san sallah saura sati uku, sun san abokin nan naka yana cikin lambobinka kuma jiya ya nemi farashin shadda, wayoyinku sun wuni wuri ɗaya, ka taɓa tsayawa kan bidiyon wani tela. Haɗa wannan kawai ya isa. Sannan tallan da bai dace da hirarka ba guda nawa ka wuce yau ba ka lura ba?

Inda zargin yake da ƙamshin gaskiya shi ne mataimakan murya, Siri ta Apple da Alexa ta Amazon da na Google. Suna jiran a kira sunansu ne, amma sukan farka bisa kuskure su naɗi abin da ba su aka yi wa ba, kuma a 2019 ta fito fili cewa kamfanonin uku duk suna da ma'aikata da ke sauraren wasu guntayen don gyara na'urar. Apple ya amince ya biya dala miliyan 95 a farkon 2025 kan ƙarar Siri duk da bai amsa laifi ba, Amazon kuma ya biya dala miliyan 25 a 2023 saboda riƙe muryoyin yara. In ba ka amfani da su, ka shiga saiti ka kashe.

Mene ne ɗigon kore da ke fitowa a saman wayata?

Alama ce cewa wata manhaja tana amfani da kyamara ko makirufo a daidai lokacin. Daga Android 12 aka fara, a iPhone kuma daga iOS 14, can kore na kyamara ne ruwan lemo na makirufo. In kana kira ko bidiyo ba komai. In ya fito kana zaune ba ka buɗe komai ba, ja fuskar daga sama ka taɓa shi zai nuna maka wace ce, sai ka cire mata izini.

To wai wace manhaja ce ta fi haɗari a nan Najeriya?

Manhajojin bashi, ba tantama, kuma abin mamaki masu tura saƙon 'yartsana da yawa suna da biyu ko uku a wayarsu. Ka karɓi naira dubu goma, ka danna "na yarda" ba ka karanta ba, ka ba su lambobinka duka da hotuna da saƙonni, ranar da ka makara sai surukinka a Kano da limamin unguwa da maigidanka a kasuwa su samu saƙo wai kai ɓarawo ne ana nemanka, wasu har hoton mutum suke haɗawa da sanarwar rasuwa. Abin ya kai hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikeja a 2022, Google kuma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotuna.

Amma wannan dokar ba ta shafi wadda aka turo maka ta Xender ko ta wani link ba. Haka su GBWhatsApp da ake so don ɓoye alamar an karanta saƙo, ba wanda ya san wa ke riƙe da su. Kuma wannan wayar dai ita ake miƙa wa yaro ya yi wasa don ya yi shiru.

Na sa kyamara a shago da gida ina kallo ta waya, wani zai iya gani?

Zai iya in ka bar ta yadda ta zo. Da yawan kyamarorin da ake sayowa a Alaba, har da mai kama da ƙwan fitila, suna zuwa da suna admin da lamba irin 12345. A 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu a duniya, ba da wata dabara ba, kalmomin sirri kusan 60 na masana'anta kawai take gwadawa. Sai kuma wanda ya zo ya haɗa maka, sau da yawa shi ya buɗe asusun kuma yana nan a wayarsa, ba lallai da mugun nufi ba amma yana nan. Ka sa ya miƙa maka, ka canza a gabansa bayan ka biya shi.

Shawarata, kyamara ta kalli ƙofa da harabar gida da kantar shago. Ɗakin kwana da inda iyali ke zama ba mayafi, kar a sa, komai ingancinta.

Talabijin mai intanet da ɗan akwatin nan na kallon ƙwallo kyauta?

Talabijin ya fi damuwa da abin da kake kallo a kan abin da kake faɗa. A 2017 aka ci kamfanin Vizio tarar dala miliyan 2.2 a Amurka saboda ya tattara abin da ake kallo a talabijin miliyan 11 ya sayar ba da izini ba. Ana iya kashe wannan a saiti. Akwatunan Android marasa suna su ne abin tsoro, don an sha samun wasu da cuta a ciki tun daga kwali, har hukumar FBI ta yi gargaɗi a kansu a 2025. Kar ka sa imel ɗinka na gaske ko katin banki a ciki.

Tsohuwar wayar da na saya a Computer Village, ko wadda na kai gyara, za a iya sa mata wani abu?

In wadda wani ya yi amfani da ita ce, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ka sa sim, kuma a gabanka mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud. Sabuwa ma ba a rantse mata ba, a 2020 wani bincike ya gano wata cutar waya mai suna Triada a dubban wayoyin Tecno W2 a ƙasashen Afirka, tana cin data tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba, kamfanin ya ce daga wajen wani mai kawo musu kaya ta shigo kuma sun fitar da gyara.

Wajen gyara kuwa matsalar ba na'ura ba ce, ido ne. Canjin gilashi ko batir ko wurin caji ba ya bukatar lambar buɗe wayarki, in ya ce sai ya gwada ki buɗe da kanki ki tsaya. Cire sim da memori kafin ki miƙa. Mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne masu neman halak, amma hotunan mata da ke yawo a guruf wani wuri suka fito.

Ina zargin mijina, ko matata, na karanta WhatsApp ɗina.

Kafin a yi zancen manyan manhajojin leƙen asiri irin Pegasus, wanda gwamnatoci ke saya da miliyoyin daloli don 'yan jarida da 'yan siyasa, fara duba abu mai sauƙi. Shiga WhatsApp, taɓa ɗigo ukun nan na sama, duba jerin na'urorin da aka haɗa. In ka ga wata kwamfuta ko waya da ba ka sani ba, to wani ya ɗauki wayarka na minti ɗaya ya haɗa, fitar da ita, ka sa lambar tabbaci mai mataki biyu, ka canza lambar buɗe waya. In kuma ana sanin duk inda kika je, duba ko an kunna raba wuri a taswirar Google, sannan wayoyin yanzu suna sanarwa in akwai ɗan maɓallin bibiya irin AirTag da ke tafiya tare da ke.

Ga mai niyyar yi kuma, malamai sun sha jawo aya ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin juna, ba ta ware ma'aurata ba. Sa ido kan ƙaramin yaro daban ne, shi ma gara ya san ana dubawa.

Akwai doka a Najeriya? Ina ake kai ƙara?

Akwai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma dokar ta ce kafin a tattara bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai kula da shi. Ƙorafin manhajar bashi ko kayan da aka sayar maka da yaudara na FCCPC ne, su ne ma suka ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Wanda ake yi wa barazana da hotunansa kuma 'yan sanda zai nufa, akwai dokar laifukan intanet ta 2015. Ka adana hoton saƙonnin da lambobin kafin ka toshe su.

Sai dai kar a yaudari kai, agogon da ba sunan kamfani a jikinsa, rumbunsa yana wata ƙasa, ba wanda za ka kama.

Na riga na saya, yanzu in ƙona ta ne?

A'a, kar a ƙona abu mai batir, yana iya fashewa kuma hayaƙin guba ne. In irin mai waƙa ce kawai a bar yarinya da abarta. In mai haɗuwa da waya ce, gwada da wayar wani a gidan, kunna Bluetooth ka ga ko za ta haɗu ba tare da an danna komai a jikin 'yartsanar ba, in ta haɗu to irin matsalar Cayla ce da na faɗa a farko, cire batirin ta koma 'yartsanar hannu. In ba ta haɗu ba, a riƙa kashe ta in an gama wasa, kar ta kwana a kunne a ɗaki. Ranar da za a ba wa 'yar ƙanwa ko a sayar, a shiga manhajar a goge asusun tukuna, don goge manhaja daga waya ba ya goge abin da ke rumbun kamfani, sannan in agogo ne a zare sim ɗin.